Shaidar Da Ba Ta Rantsuwa

Duk al'ummar da ta san shari'a, kafin ta karɓi maganar mai shaida sai ta yi tambaya a kansa. Wane ne shi? Da idonsa ya gani, ko ji ya yi? Yana da wata riba a cikin maganar? In ya yi ƙarya, me zai same shi? Shi ya sa ake rantsar da shi, a tsayar da shi gaban wanda yake ba da shaida a kansa, a bari a yi masa tambayoyi har ya yi gumi. To amma a zamanin nan wata sabuwar mai shaida ta shigo cikinmu. Ba a rantsar da ita, ba a yi mata tambaya, kuma da ta yi magana sai kowa ya kama bakinsa. A banki, a ofishin albashi, a wurin duba sakamakon jarrabawa, daga Maraɗi har Kumasi, magana ɗaya ce ke kashe gardama: "Ba ni ba ne, na'ura ce ta nuna haka." Abin da nake so mu duba, ya mai karatu, shi ne wannan: idan shaidar na'ura ta cuci mutum, alhakin yana wuyan wa?

Tarihin kwamfuta kansa ya riga ya ba da rabin amsar, domin kalmar da muka ara daga Ingilishi muka mayar da ita "kwamfuta" asalinta sunan mutum ce. Tun ƙarni na 17 haka ake kiran wanda sana'arsa lissafi. Daga 1767 hukumar Ingila ta fara buga wani littafi na shekara-shekara mai ɗauke da jadawalin tafiyar wata da taurari, wanda matuƙan jiragen ruwa ke dogara da shi su gane inda suke a tsakiyar teku. Lamba ɗaya in ta karkace, jirgi na iya hawa dutse. Masanin taurarin da ke kula da aikin, Nevil Maskelyne, ya san mutum ajizi ne, sai ya tsara aikin bisa wannan sani. Kowane lissafi mutum biyu ake ba wa, kowa a gidansa, a garuruwa daban-daban, yadda ba za su kwafi juna ba. Sannan akwai na uku wanda aikinsa kawai ya gwama amsoshin biyu, in sun saɓa ya nemo inda aka kauce. Shaidu biyu da mai tantancewa ke nan. Babu wanda aka ɗauki maganarsa shi kaɗai.

A Faransa ma, bayan juyin juya hali, Gaspard de Prony ya yi irin haka lokacin da aka ɗora masa haɗa manyan jadawalolin lissafi a shekarun 1790. Ya kasa ma'aikatansa hawa uku. A sama ƴan tsirarun masana masu zaɓen hanya, a tsakiya masu warware hanyar zuwa ƙananan matakai, a ƙasa kuma mutum sittin zuwa tamanin waɗanda ba abin da suke yi sai tarawa da ɗebewa. Ana cewa da yawansu masu gyaran gashin manyan fada ne da juyin juya halin ya raba da sana'arsu. Aikin kuwa sau biyu ake yin sa, a ɗakuna biyu da ba su haɗu ba.

Wannan tsari ne ya ba Charles Babbage tunaninsa. A 1821 yana zaune da abokinsa John Herschel suna duba wasu jadawaloli da masu lissafi suka kawo, kuskure na bin kuskure, har takaici ya sa ya yi fatan a ce tururi ne ya yi aikin. Ya lura cewa abin da mutanen hawan ƙasa na Prony ke yi ba ya buƙatar tunani, saboda haka ƙarfe zai iya yi. Gwamnatin Birtaniya ta zuba kusan fam 17,000 a injinsa na lissafi, bai kammalu ba, a 1842 ta janye hannunta. Sai a 1991 gidan tarihin kimiyya na Landan ya ƙera ɗaya daga cikin zane-zanensa, aka juya hannun injin, ya ba da amsa daidai. Abin lura shi ne Babbage ya so injin ya buga amsarsa da kansa a kan takarda, don kada ko mai jera haruffa a maɗaba'a ya sa hannu. Ashe kwamfuta ɗiyar rashin yarda ce. An haife ta ne saboda an gaji da kuskuren ɗan'adam.

Daga nan ne ruɗin ya samo asali, kuma ruɗin ya girmi na'urar. Babbage ya ba da labari cewa sau biyu ƴan majalisar ƙasarsa, ɗaya daga ta sama ɗaya daga ta ƙasa, suka tambaye shi ko injin zai fitar da amsa daidai in an sa masa lambobin da ba daidai ba. Abin ya ɗaure masa kai, ya rasa irin tunanin da zai haifi wannan tambaya. Muna iya yi wa ƴan majalisar dariya, amma a ganina sun riga mu faɗin abin da ke zuciyarmu ne kawai. Mutum yana marmarin wani abu da zai karɓi shirmensa ya mayar masa da gaskiya. Ada Lovelace, wadda ta fi kowa fahimtar babban injin da Babbage ya zana daga baya, ta yi gargaɗi tun 1843 cewa injin ba ya ƙirƙiro komai daga kansa, iyakarsa abin da muka san yadda za mu umurce shi ya yi.

Lokacin da kwamfutocin lantarki suka iso, masu aiki da su ba su da wannan ruɗi, domin suna ganin cikinta. ENIAC, wadda aka nuna wa duniya a Jami'ar Pennsylvania a Fabrairun 1946, nauyinta ya kai tan 30, tana da kwalaben lantarki masu kama da ƙwan fitila kusan 18,000. An gina ta ne don lissafin inda harsashin igwa zai faɗa, aikin da mata masu lissafi ke kwashe sa'o'i ashirin ko fiye suna yi da hannu, ita kuwa ta gama a cikin daƙiƙa talatin. Mata shida daga cikinsu aka zaɓa su riƙa tsara mata aiki ta hanyar jona wayoyi da murɗa maɓallai. Kusan kowane kwana biyu sai wata kwalba ta ƙone, su kuwa sun laƙanci na'urar har suna iya bin kuskure su kamo kwalbar da ta jawo shi. Wanda ya taɓa shiga cikin kwamfuta da ƙafarsa ya zaro ƙonanniyar kwalba ba zai taɓa cewa na'ura ba ta kuskure ba. Ko a 1962, da John Glenn zai zagaya duniya a cikin kumbo, bai natsu da lambobin da kwamfutar IBM ta fitar ba sai da ya nemi Katherine Johnson ta sake lissafin da hannunta. Ta yi, amsoshin suka dace, sannan ya tashi. Har zuwa lokacin tsarin shaidu biyu yana nan.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani, ba sai na ja shi ba. Tiransisto ya maye gurbin kwalba, a 1971 kamfanin Intel ya dunƙule guda 2,300 a kan ɗan guntun da bai kai farce ba, yau kuwa wayar da ke aljihunka tana da biliyoyi. Na'ura ta ƙanƙance, ta yi sauri, ta rufe cikinta. Ba mai sake duba lissafinta da hannu, don ko an tara mutanen gari ba za su iya ba. Sunayen da muka ba ta ma sun ƙara mata kwarjini. A 1955, da reshen IBM na Faransa ya nemi suna, wani malamin harsuna, Jacques Perret, ya ba da shawarar "ordinateur", tsohuwar kalma da a da ake siffanta Mahalicci da ita a matsayin mai tsara duniya. Mu kuma muka ce "na'ura mai ƙwaƙwalwa". Sunan yana da daɗi, sai dai ya ba ta abin da ba ta da shi.

Yanzu ga inda wannan kwarjini ya kai mutane. A 1999 hukumar gidan waya ta Birtaniya ta fara girka wata manhajar lissafin kuɗi mai suna Horizon, ta kamfanin Fujitsu, a dubban rassanta. Yawancin rassan nan ƙananan kantuna ne a ƙauyuka da unguwanni, masu su kuwa mutane ne da aka sani, waɗanda tsofaffi ke karɓar kuɗin fansho daga hannunsu. Yarjejeniyar da suka sa wa hannu ta ce duk giɓin da aka samu a lissafin reshe, wakilin reshen ne zai biya. Ba a jima ba allo ya fara nuna giɓi: yau fam ɗari biyu, gobe dubu biyar. Wakili ya ƙirga kuɗinsa ya ga daidai, na'ura ta ce da saura. Ya kira layin taimako, a ce masa shi kaɗai ne ke da wannan matsala. Wannan magana an faɗa wa mutane masu yawa, kowa a ƙauyensa, kowa yana zaton shi kaɗai ne. Wasu suka cike giɓin da ajiyarsu, wasu suka ci bashi, wasu suka jinginar da gida. Da abin ya fi ƙarfinsu sai aka kai su kotu.

Tsakanin 1999 da 2015 an hukunta mutum fiye da 900 bisa lambobin Horizon, mafi yawansu hukumar ce da kanta ta gurfanar da su. Sama da 200 sun shiga kurkuku. Da yawa sun amsa laifin murɗe lissafi don a janye tuhumar sata, wato mai gaskiya ya yarda ya yi ƙarya a kan kansa don ya tsira daga abin da ya fi muni. Seema Misra an yanke mata wata 15 a 2010 kan giɓin kusan fam 74,000, tana da ƙaramin ciki. Aure ya mutu, maƙwabta sun juya baya, wasu ma sun kashe kansu.

To me ke faruwa a cikin na'urar? Ga misali ɗaya da ya fito fili daga baya, daga wani reshe a Dalmellington ta ƙasar Scotland. Ma'aikaciya ta shigar da karɓar fam 8,000, allo ya daskare, ta sake danna maɓalli, ta sake, ta sake. Kowace dannawa manhajar ta rubuta ta a matsayin sabuwar karɓa. Littafi ya nuna an karɓi 32,000, aljihun tebur yana da 8,000, giɓi 24,000. Ba wanda ya saci ko sisi. Ban da irin waɗannan kurakurai, ma'aikatan Fujitsu suna iya shiga lissafin reshe daga nesa su canza lamba, abin da hukumar ta daɗe tana musantawa.

Yaya alƙalai suka karɓi wannan? A da dokar Ingila ta 1984 ta ce mai kawo shaidar kwamfuta shi zai nuna cewa na'urar tana aiki daidai. A 1999, shekarar da Horizon ta fara aiki, aka soke wannan sashe. Aka koma ɗaukar cewa na'ura lafiyarta ƙalau sai in wani ya kawo hujjar akasin haka. Ka duba wanda aka ɗora wa kawo hujjar: mai kanti a ƙauye, wanda bai taɓa ganin cikin manhajar ba, kuma duk bayanan da zai kare kansa da su suna hannun mai ƙararsa.

Za a ce na'ura ba ta ƙarya, kuma haka ne. Ƙarya tana buƙatar niyya, na'ura kuwa ba ta da ita. Amma rashin niyyar ƙarya bai sa magana ta zama gaskiya ba. Agogon da ya lalace ba ya nufin yaudarar kowa, duk da haka zai sa jirgi ya bar ka. Darajar shaidar mutum tana zuwa ne daga abin da ya jingina: mutuncinsa, ƴancinsa, ranar da zai haɗu da wanda ya yi wa ƙazafi a kasuwa. Na'ura ba ta jingina komai ba. In muka bi maganarta zuwa tushe, za mu tarar maganar wasu mutane ce waɗanda ba sa cikin ɗakin. Wani ya rubuta umurnin shekaru da suka wuce, wani ya gwada shi ko ya ƙi gwadawa, wani ya ce a fitar da shi haka nan saboda lokaci ya ƙure. Abin da allo ke nunawa "an ce" ne, sai dai "an ce" ɗin ya sha ado da lambobi. A gaban alƙalin ƙauye da mutum zai zo ya ce wani wanda ba zan kawo ba ya gaya mini wane ɓarawo ne, da korar sa za a yi.

Akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren, kuma ba na son in wuce ta da sauri. Mu da muka sha wuya a hannun mutane mun san dalilin da ya sa muke son na'ura. Ba ta karɓar na goro. Ba ta san ɗan wane ba, ba ta san yarenka ba, ba ta ɓoye takardarka a ƙasan tebur sai ka dawo gobe. Talakan da ba ya da kowa a ofis sau da yawa ya fi samun adalci a gaban allo fiye da gaban mutum. A kasuwa ma mun fi yarda da sikeli a kan hannun mai sayarwa, kuma muna da gaskiya. Wanda ya ce a koma zamanin takarda da alƙalami bai tambayi waɗanda aka danne a zamanin ba.

Sai dai sikeli yana da wani hali da ya sa ya cancanci yarda. Kowa zai iya gwada shi. In kana shakka, ka ɗauko abin da ka san nauyinsa ka aza, ko ka tafi rumfar gaba a sake auna maka. Yardarmu da sikeli ta ginu ne kan cewa ƙofar shakka a buɗe take. Horizon sikeli ce da mai ita ya kulle a ɗaki, yana leƙo da kai yana faɗin nauyi, ya kuma ce wanda ya musa ɓarawo ne. Akwai kuma wani bambanci. Kuskuren mutum nasa ne shi kaɗai, na magatakarda ɗaya a ofis ɗaya. Kuskuren manhaja kuwa yana haihuwar kansa a kowane reshe, iri ɗaya. Ga wanda ya riga ya yi imani da na'ura, kuskure ɗaya da ya bayyana a wuri ɗari bakwai zai yi kama da ɓarayi ɗari bakwai. Yawan waɗanda ake kamawa, maimakon ya tayar da shakka, sai ya zama abin yabon na'urar: ga shi ta tona asirin da a da ba a gani.

To ina alhakin? Matsalar ita ce an yanka shi ƙanana-ƙanana har kowa ya ga rabonsa bai kai a damu ba. Mai rubuta manhaja zai ce kuskure a sana'arsa ba baƙo ba ne, kuma ba shi ya kai kowa kotu ba. Mai bincike zai ce lambobi ya bi. Lauya zai ce abin da aka ba shi ya gabatar. Alƙali zai ce doka ce ta ce a yarda. Kowa ya faɗi gaskiya, mace mai ciki kuma tana kurkuku. Ni ban yarda rabon nan daidai yake ba. Mai rubuta manhajar da ya yi kuskure shi ne mafi sauƙin laifi, don ko masu lissafin Maskelyne suna kuskure, shi ya sa aka sa su bibbiyu. Mafi nauyi yana kan wanda ya san akwai ɓaraka ya yi shiru, sannan ya tsaya yana kallo ana hukunta wani da ita. Bayansa sai wanda ya tsara aiki ba tare da mai tantancewa ba, ya cire shaida ta biyu saboda tana cin kuɗi da lokaci. Ƙaramin ma'aikacin da ke bayan kanta ba shi da ikon gyara komai, ban kuma ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ba. Amma shi ma yana da zaɓi tsakanin magana biyu. Yana iya cewa "na'ura ta nuna kaza, bari mu bincika", yana kuma iya cewa "kai kaɗai ne ke da wannan matsala" alhali ya ji ta daga bakin wani jiya. Ta biyun ba na'ura ce ta faɗe ta ba.

Shakkar na'ura ba aiki ne mai arha ba, kuma ba a cika gode wa mai yin ta ba. Daren 26 ga Satumba 1983, Laftanar Kanal Stanislav Petrov yana bakin aiki a cibiyar gargaɗin Tarayyar Sobiyat kusa da Mosko, makonni uku bayan ƙasarsa ta harbo jirgin fasinjan Koriya ta Kudu, duniya na ɗar-ɗar. Allo ya nuna Amurka ta harbo makami mai linzami ɗaya, sannan wasu huɗu, na'ura kuma ta ce tabbacin ya kai matuƙa. Petrov bai yi watsi da ita don taurin kai ba. Ya auna cewa mai fara yaƙin nukiliya ba zai fara da makami biyar ba, ya kuma ga cewa na'urorin hango jirage na ƙasa ba su ga komai ba. Shaida ta biyu ya nema, bai samu ba, sai ya sanar da manyansa cewa gargaɗin na bogi ne. Daga baya aka gano hasken rana ne a kan gajimare ya ruɗi taurarin ɗan'adam. Abin da ya samu a lokacin shi ne tsawatarwa don bai cike littafin aiki yadda ya kamata ba. Da ya miƙa abin da allo ya faɗa kamar yadda yake, ba wanda zai ce ya karya ƙa'ida.

A Birtaniya, shaidar ta biyu wakilan ne suka haɗa ta da kansu, da suka gano juna. Wata mujallar harkar kwamfuta ta buga labarin wasu daga cikinsu a 2009, Alan Bates, wanda aka ƙwace wa reshensa don ya ƙi sa hannu kan lissafin da bai yarda da shi ba, ya tara su a wani ɗakin taro na ƙauye, kowa ya ji labarinsa a bakin wani. Mutum 555 suka shigar da ƙara tare, a 2019 babbar kotu ta tabbatar cewa Horizon tana da kurakuran da za su iya haifar da giɓin ƙarya. A 2024, bayan wani wasan talabijin ya tayar da hankalin jama'a, majalisa ta yi doka ta musamman ta soke ɗaruruwan hukunce-hukunce a lokaci ɗaya, a Janairun 2025 kuma ma'aikatar shari'a ta nemi jin ra'ayin masana kan ƙa'idar nan ta ɗaukar kwamfuta a matsayin mai lafiya sai an nuna akasi. Kafin duk wannan, a Afrilun 2021, kotun ɗaukaka ƙara ta wanke mutum 39 a rana guda. Uku daga cikinsu sun riga sun rasu, iyalansu ne suka ji hukuncin.